Yatsa Huɗu a Ƙofar Ɗakin Kaji

Sai da na shekara goma sha tara kafin in ji ƙarar bindiga da kunnena. Ban da igwar azumi ke nan, wadda ake bugawa daga kan dutse in rana ta faɗi, ita kuwa mu ba ma ɗaukarta bindiga, kiran cin abinci ce. A Makka aka haife ni, a unguwar Mansur, kuma duk wanda ya tashi cikin Harami ya san ba a farauta a ciki. Tantabara sai ta sauka gab da takalminka, ka tsaya ka jira ta gama abin da take yi. To a ina zan ji bindiga?

Makaranta na bar ta a aji huɗu. Ba kora ta aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na yi dako a Mina lokacin Hajji, na yi yaron mota a hanyar Jidda, na kwashi duwatsu a inda ake rusa gidaje don faɗaɗa masallaci. Babu aikin da na cika wata uku a kansa. Takarda kuma ba ni da ita, iyayena ma ba su da ita, shi ya sa in na hango askari sai in tuna ina da saƙo a wani lungun.

Ana nan sai ga ɗan kawuna daga Damagaram. Taubashina ne, sa'ana kuma, wata biyu kawai na ba shi. Ta ƙasa ya zo, ya shekara uku a hanya, ya yi tsinkar auduga a Sudan har ya samu na jirgin ruwa. Ranar da ya shigo gidanmu da riga ɗaya, Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. A ranar aka raba katifata biyu. Na haƙura, baƙo ne. Amma wata ya wuce, wani ya wuce, tsokar da ke saman tuwo ba ta sake dawowa gefena ba. In ya zauna wajen mai shayi, dattawa su ce yaron nan akwai natsuwa. A gabana suke faɗa, kuma ni suke kallo in suna faɗa. Shi kuwa ba ya komai. Yana zaune ne kawai. Ni ban taɓa ganin mutumin da ake yabo don ya iya zama ba sai shi.

Ina ce masa baƙauye, yana ce min ɗan birni mai tsoron akuya. Wasan taubasai ne, kowa na dariya. Nawa dai wani lokacin ba wasa ba ne.

Wata Juma'a bayan an sauko, wani tsoho da muke kira Baba ya zo gidanmu. Basakkwace ne, tsohon soja, ya yi yaƙin Turawa, a can ya baro kunnensa na hagu, na daman ma rabi ya rage. Shi ke gadin gonar wani attajirin Makka a Wadi Faɗima, bayan iyakar Harami. Ya ce wa Inna idonsa ya fara hazo, mai gona ya ce ya nemo wanda zai gaje shi, kuma ya yi alkawarin duk wanda ya karɓi aikin zai yi masa iƙama, takardar zama ke nan. Mutum ɗaya ake so.

Ina bayan labule ina ji. Ashe ɗan kawuna Baba ya zo nema, ba ni ba.

Inna ta ce, "Baba, don Allah ka haɗa da wannan nawa. Ko don ya bar min gida in huta."

Baba ya karkato kunnen dama, ban sani ba ko bai ji ba ne ko tunani yake. Can ya ce, "To, su taho su biyu. Sati shidda. Wanda bindiga taz zaɓa, shi ke nan."

Haka na shiga aikin, a matsayin gyara.

Gonar ba ta da girma. Akwai dabino, akwai rijiya mai inji da aka kewaye da katangar dutse iya ƙugu, bayanta kuma wani baƙin tsauni a tsaye kamar bango. Ta ɗaya gefen ƙasa ta gangara zuwa wani kwari mai yashi, ƙarƙashin dabinai. A tsakiya akwai dogon ɗakin kaji mai rufin kwano. Lokacin da muka je babu kaza ko ɗaya a ciki, an sayar da tsofaffin da Hajji, sababbin masu ƙwai sai bayan wata guda za a kawo.

Abin da ke damun gonar karnukan daji ne. Suna fitowa daga wadin, wato busasshen rafin da ke gaban gonar, da sassafe da kuma la'asar sakaliya, su tona ƙarƙashin waya. Da can da babbar bindiga Baba ke korarsu, amma duk harbi ɗaya sai kaji su firgita su taru a kusurwa, su tattake junansu, waɗanda suka tsira kuma su yi sati ba ƙwai. Shi ne mai gona ya sayo wata 'yar siririyar bindiga daga waje, da wani bututu da ake murɗa mata a baki. Katim suke ce masa.

Ni na riga na san labarinsa, ko in ce na ɗauka na sani. Wani direba a hanyar Jidda ya taɓa rantse min cewa irin wannan bindigar ko kana kusa da ita ba za ka ji komai ba, sai dai ka ga abu ya faɗi. Da Baba ya harba ta farko a gabanmu, sai na ji tas, kamar an buga takalmi a kan tabarma.

Na ce, "Baba, ai ta yi ƙara. An cuci mai gona."

"Mi kac ce?"

Na ɗaga murya na maimaita.

"Bebiya kaka so? Babu bindiga bebiya, ɗana. Wagga tari takai maimakon ihu. Aikinka shi ne ka san inda za ta yi tarin."

Ɗan kawuna ya yi 'yar dariya. Shi ya yi farauta da babansa tun yana ƙarami, ya san ƙaurin albarushi. Na ji kamar in shaƙe shi.

Sati biyun farko Baba bai bar mu mun yi saiti a kan komai ba sai gwangwani. Ya nuna mana harsashi iri biyu a kwali daban-daban. Ɗaya mai gudu ne, ko da bututun sai ka ji ya tsaga iska kamar bulala, don shi ƙararsa a hanya yake yinta, ba a bakin bindiga ba, bututu ba ruwansa da ita. Ɗayan mai nawa ne, shi ne namu. Ya nuna mana harbin farko da safe ya fi na biyu ƙara, in bututun ya huce ya kwana. Ya sa mu tsaya a bayansa, mu tsaya a gefensa, mu ji bambanci. A baya kusan ƙarar ƙarfen kawai kake ji. Ya ce mu lura da iska, in tana kaɗawa zuwa ɗakin kaji to da ƙarar take tafiya. Har gwangwanin ma, wani lokacin kukan da yake yi in an same shi ya fi na bindigar.

Ga abin da ban zata ba: na fi ɗan kawuna hannu. Wallahi na fi shi. Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba, cikin kwana goma ina kayar da gwangwani biyar a jere. Shi sai ya daɗe yana saiti, ya numfasa, ya sauke, ya sake ɗagawa, sannan ya kuskure ɗaya cikin uku. Karon farko a rayuwata na ga abin da jikina ya yarda ya tsaya cak dominsa. In na kwantar da kumatuna a kan katakon nan, ƙaiƙayin da ke tafin ƙafata sai ya ɗauke.

Na jira Baba ya faɗa. Bai faɗa ba. In na kayar da biyar sai ya ce, "To." In ɗan kawuna ya duƙa ya ɗebi yashi ya saki don ya ga inda iska ta nufa, sai Baba ya washe baki ya ce, "Ka gani? Wanga ya san daji." A kan yashi! Ni na kashe gwangwani biyar, shi ya zubar da ƙasa, shi aka yaba.

A sati na uku Baba ya kawo abin da yake kira tsayuwar kunne. Tun da shi ba ya ji sosai, kuma mai harbi ba ya sanin abin da ya isa ɗakin kaji, sai ɗaya ya harba, ɗaya ya shiga ɗakin ya tsaya tsakiya inda kaji za su kasance. Bayan harbi sai ya fito ƙofa ya ɗaga yatsu. Yatsa ɗaya, kamar mutum ya yi gyaran murya a waje. Biyu, tafi. Uku, an rufe ƙofa da ƙarfi. Huɗu, kaji za su tashi. Baba na tsaye nesa yana kallon hannun, abin da hannun ya ce shi ne gaskiya a wurinsa, ba shi da wata hanya.

Ya ce kowa ya zaɓi wurin da yake ganin ya fi. Ni ban yi wani tunani ba, na nufi katangar rijiya. Wuri ne mai daɗi, ka ɗora bindiga a kan dutse ba ta motsi, kana ganin bakin wadin tar. Na harba. A kunnena 'yar ƙaramar ƙara ce, ko tsuntsun da ke kan injin bai tashi da sauri ba. Na juya ina murmushi.

Ɗan kawuna ya fito ƙofa ya ɗaga yatsa huɗu.

Na ce, "Huɗu? Kai baƙauye, ka iya ƙirga kuwa?"

"Huɗu ne, ɗan birni. Har kwanon ya amsa."

"Ƙarya kake!"

"To sake mu ji."

Na sake. Ya fito ya ɗaga uku, sannan ya ɗan karkata hannu, ya ƙara na huɗun. Baba ya gyaɗa kai kawai. Ni kuwa zuciyata ta gama yanke hukunci: ya ga na fi shi hannu, shi ne ya biyo ta nan. Mai natsuwa, mai kunya, ashe ga abin da ke cikinsa. Har wani daɗi na ji, na kama shi.

Da aka zo kansa sai ya yi ta yawo, yana taka ƙasa, yana tafa hannu yana saurare kamar mai kiran aljanu. Daga ƙarshe ya gangara kwarin yashin nan, ya kwanta rub da ciki ƙarƙashin dabino, ya ba tsaunin baya. Na shiga ɗakin kaji na tsaya. Wurin na warin tsohon kashi, zafi na sauka daga kwano. Na jira, na jira, har na fara tunanin ko bai shirya ba. Sai na ji wani abu can, kamar an cire toshiyar kwalba a gidan maƙwabta. Ko yatsa ɗaya bai cika ba.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin nan na ɗan lokaci. Sannan na fito na ɗaga huɗu.

Baba ya matso yana ƙanƙance ido. "Nawa?"

"Huɗu, Baba."

Ya dubi kwarin, ya dubi ɗakin, ya sosa gemu. "Ikon Allah. Yashi kau shina shan ƙara. Ko kwarin na turo ta?" Ɗan kawuna ya taso yana kakkaɓe riga. Ya dube ni sau ɗaya. Bai ce ƙarya nake ba, bai ce a sake ba. Ya ce, "To, Allah ya sa mu dace da wani wurin."

Daga ranar Baba ya soke wuraren biyu, muka koma harbi daga wata kusurwar shinge, inda kullum biyu ne ko uku. Ni a raina an yi kunnen doki: ya ɓata min nawa, na ɓata masa nasa. Ban taɓa zuwa na tsaya a ɗakin na ce ya harba daga rijiya in ji da kunnena ba. Me zai sa? Ai na riga na san amsa.

Aka kawo kaji, farare tas, cikin akwatuna a babbar mota. Suka cika ɗakin, suka fara ƙwai. Sati na shida mai gona ya zo da kansa bayan sallar asuba, da farar riga da ƙamshin turare, ya zauna a kan kujera ƙarƙashin rumfa aka kawo masa shayi. Ya ce yau zai gani da idonsa. Kowa ya zaɓi wurinsa, kowa ya nuna abin da ya koya.

Baba ya ce ni zan fara, don ni na fi hannu. Ranar ce kaɗai ya faɗa da bakinsa, kuma a gaban mai gona. Kaina ya yi girma. Na ɗauki bindiga na wuce kusurwar shinge, na nufi rijiya.

Ɗan kawuna ya biyo ni da sauri, ya rage murya. "Kai, ba nan ba. Na rantse maka huɗu ne."

"Koma ka ƙirga ƙwai."

"Ɗan Inna, ka ji ni mana."

"Na ji ka tun wancan karon."

Baba yana can yana ƙoƙarin jin abin da mai gona ke faɗa masa, bai lura ba sai da na riga na kwanta.

Ba a jima ba sai ga karnuka uku sun ɓullo daga wadin. Na gaba wani ja ne mai yagaggen kunne, shi ne ke tona. Na bar shi ya matso, ya tsaya yana shinshina waya. Na matsa. Ya faɗi a inda yake, ko shure-shure bai yi ba. Harbi mafi kyau da na taɓa yi ke nan.

Kafin in ɗago kai sai na ji ɗakin kaji ya ɗauka. Ban san kaji na iya irin wannan kukan ba. Fukafukai na dukan kwano, ƙura da gashi na fita ta waya kamar hayaƙi. Ƙarar da na ji ƙarama a kunnena ta daki tsaunin da ke bayana, ta dawo ta faɗa kan rufin, rufin ya juye ta a kansu. Baba ya ruga da gudun tsufa, ɗan kawuna ya riga shi, suka shiga suna janye kaji daga kusurwa. Da aka lafa, wajen goma aka fito da su a mace, ƙwai kuwa ya fashe ko'ina.

Mai gona ya zo ya tsaya a kan karen, ya taɓa shi da takalmi. Ya ce, "Masha Allah, harbi." Sannan ya dubi kajin da aka jera a ƙasa. "Ya walad, kai yaro, kare nawa zai ci kaza goma a safiya ɗaya?"

Abin da ke kaina ba kajin ba ne. Huɗun nan da ya ɗaga, ashe huɗu ne.

Har azahar ta wuce karnuka ba su sake dawowa ba. Da la'asar mai gona ya ce a kafa gwangwani a bakin wadi, ɗayan ma ya gwada. Ɗan kawuna ya je gaban Baba ya durƙusa, ya yi magana a kunnensa na dama. Ya ce yana roƙon a bar shi ya koma kwarin yashi.

"An ce huɗu ne can," in ji Baba.

"A gwada dai, Baba. In sun motsa, na haƙura da aikin."

Mai gona ya ce shi zai tsaya kunnen da kansa. Ya tattare farar rigarsa ya shiga cikin kaji, ya zauna a kan akwati. Ina tsaye kusa da Baba. Ɗan kawuna ya kwanta, ya daɗe kamar kullum. Ya harba, ya kuskure, ƙasa ta tashi gefen gwangwanin. Ya sake, gwangwani ya faɗi. Kaji biyu da ke bakin waya suka ɗaga kai, suka koma tsattsaga.

Mai gona ya leƙo ƙofa. "Yalla mana, ya harba, zafi ake yi a nan!"

Baba ya ce, "Mi yac ce?"

Ni na gaya masa. Ni ne kusa da kunnensa mai ji, ba yadda zan yi.

Baba ya juyo ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min. Ɗan kawuna ya iso da bindiga a hannu, ya ga yadda muke tsaye, sai ya ce da ƙarfi don Baba ya ji, "Wataƙila iska ce ranar, Baba. Ranar ai daga kwari take kaɗawa."

Babu wata iska ranar. Shi ya sani, ni na sani, Baba ma da ya ga yashin da ya saki ya sauka a tsaye ya sani. Wallahi da ya tona ni a gaban mai gona da na samu abin riƙewa, da mun yi dambe mun huta. Sai ya rufa min asiri, ya ƙara wani abin da za a yabe shi a kai.

Da mai gona ya tafi wanke ƙafa, Baba ya ce min, "Hannunka ya fi nashi, ko gobe. Amma ni kurma ne, ɗana. Shekara nawa ina aron kunnen mutane. Wanda na ara wurinshi yab ba ni na banza, ba ni iya bar mai kaji." Ya karɓi bindigar ya goge ta da gefen rawaninsa, ya miƙa wa ɗan kawuna. Mai gona ya dawo ya ce ɗayyib, wato shi ke nan, ranar Asabar a kawo yaron a ɗauke shi hoto don takarda.

Ba wanda ya ce in tafi. Ni na naɗe tabarmata. Akwai motar kayan lambu da ke wucewa Makka kafin magariba, ɗan kawuna ya raka ni bakin hanya, bindigar na rataye a kafaɗarsa. Ta yi masa kyau, abin haushin ke nan.

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun da ka fito ƙofa. Ka daɗe a ciki."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya gyara igiyar bindigar. "Inna ta ce in kula da kai."

Wata biyu na ba shi a duniya. A garinmu, inda ni na nuna masa hanyar masallaci, shi aka ce ya kula da ni.

Motar ta zo, na haye baya na zauna a kan buhunan kuɓewa. Ya ɗaga min hannu, na yi kamar ina gyara zama. Muka ɗauki hanya, rana ta yi ja a kan tsaunin, lokacin fitowar karnuka ke nan. Direba ya tsaya ɗaukar wani mutum a ƙasan gonar, ya kashe inji yana jiran a ɗora kaya. Na kasa kunne iya ƙarfina, har numfashi na riƙe. Ina so in ji ya yi ƙara, ko sau ɗaya, in ji kaji sun tashi.

Ban ji komai ba. Ko ya harba ko bai harba ba, har muka shiga Makka ban sani ba.